Aibin Motar Maigidana

A kan gadon asibiti maigidana ya rantse zai sayar da motar. Kafaɗarsa a naɗe, haƙarƙarinsa ya tsage, ko tari ya yi sai ya runtse ido, ni kuma ina tsaye a kansa ina zuba faɗa har wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce in rage murya. Ban rage ba. Na ce masa ko dai motar ta bar gidan, ko ni da yara mu bar masa gidan ya zauna da ita. Mahaifiyarsa na kan kujerar gefe da carbinta, ta bari sai da na gaji don kaina, sannan ta ɗago ta ce, "Ka ji matarka. Rantse." Ya rantse da Allah zai sayar. A ranar na ɗauka magana ta ƙare.

Wanda bai ga motar nan ba zai zaci mota ce irin ta mutane. Ba ta da rufi, ba ta da ƙofa, ba ta da na'urar sanyi, a Jidda fa, garin da mutum ke yin gumi yana cikin wanka. Kujeru biyu ne can ƙasa, in ka zauna ka miƙa hannu sai ka taɓa kwalta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, mutum ɗaya na tura ta. Ba lamba, ba takarda, saboda haka ba ta hawa titi. Sai an ɗora ta a bayan saɗaha, babbar motar nan mai shimfiɗaɗɗen baya, a kai ta filin tsere a bayan gari ranar da ake buɗe wa masu sha'awa su yi ta zagaye har su gaji. A cikin akwatuna ta shigo rayuwarmu. Wani Bature da maigida ke yi wa gyara a garejinsa shi ya yo odarta gunduwa-gunduwa daga ƙasarsu, ya fara haɗawa, aikinsa ya ƙare, ya bar masa ita da araha ya tafi. Shekaru maigida ya yi yana haɗa ta a ɗakin ajiyar da ke ƙasan gidanmu a Madain Fahd, daidai ƙarƙashin tagar kicin ɗina. A filin tseren ne ta juya da shi ta daki tarin tayoyin da ke bakin hanya, aka kira ni a waya ina tsakiyar dama kunu.

Da ya warke bai yi gardama ba. Ya gyara inda ta bugu, ya wanke ta, ya ɗauki hotonta ya sa a kasuwar waya. Har nuna min ya yi. Na ce madalla, amma a raina na ce sai na gani. Na san mutumin da na aura, in ya yi saurin yarda da abu to akwai wata ƙofar da ya bari a buɗe.

Mai saye na farko wani matashin Balarabe ne, ya zo da abokinsa, farar rigarsa na ƙamshin turare har sama. Ina jin su ta taga. Yaron ya zagaya motar yana ta masha Allah, da jin muryarsa ka san ya riga ya saya a zuciyarsa. Na ɗora shayi ina murna, har na ƙara na'ana'a. Sai na ji maigida ya yi gyaran murya ya ce, "Kafin mu yi maganar kuɗi, ɗana, sai na faɗa maka aibinta. Ni ba na cin haram."

Ya fara. Giya na ƙara in ta yi zafi. Mai na ɗiga kaɗan, ba a gano daga ina ba. Ƙarfen gaba na hagu waldarsa aka yi bayan faɗuwa, ya sa yaron ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa ya haska masa da tocila ya gani da idonsa. Bututun hayaƙi na gasa ƙafa, ya ɗage wandonsa ya nuna tabo. Daga nan ya ɓalle maɓallin riga ya nuna kafaɗa, ya ba da labarin faɗuwar tun daga kwanar da ta fara zamewa har zuwa allurar asibiti. Kafin in sauko da shayin in ajiye a bakin ƙofa, yaron ya ce zai je ya yi istihara. Har yau yana can yana yi.

Na biyu ma haka, na uku ma haka. Sai na fara lura da wani abu. Aibin ba iri ɗaya ba ne kullum, yana bin jikin mai saye ne. In dogo ne ya zo, babban aibin shi ne ba wurin miƙe ƙafa. In mai ƙiba ne, kujerar ce matsattsa, a ce ya shiga ya gwada, a tsaya ana kallonsa yana kokawar fita. In mai gaggawa ne, sai a yi masa bayanin yadda kayan gyara ke ɗaukar watanni kafin su iso daga waje. Wani dattijo ya zo zai saya wa ɗansa, maigida ya tambaye shi 'ya'yansa nawa, ya ce namiji ɗaya ne, sai maigida ya ce, "Allah ya raya maka shi." Dattijon ko shayi bai sha ba.

Ranar na tare maigida a matakala.

"Malam, ciniki kake yi ko wa'azi?"

"Hajiya, so kike in ɓoye?" Ya buɗe hannuwa kamar wanda aka zalunta. "A cikin abin da na faɗa wanne ne ƙarya? Faɗa min ɗaya tak. In yaron mutane ya je ya faɗi da ita, ke za ki tsaya gaban Allah a madadina?"

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, babu ƙarya ko ɗaya. Na nema na rasa. Har kawuna na kira, wanda ke Waziriyya, mai karatu ne, na tambaye shi ko dole ne mai sayarwa ya faɗi aibi duka. Ya ce dole ne, ya kuma ƙara da cewa in gode wa Allah da ya ba ni miji mai tsoronsa a wannan zamani. Na ce na gode, na ajiye waya, na daki tukunya da ludayi har ta lotsa.

Ni kuwa tsoro ne ke cina, ba son girma ba. Duk ranar da na ji ya ɗaga ƙofar ƙarfen ɗakin ajiyar ya tayar da injin, wai don kada batir ya mutu, sai in ga kaina a barandar asibiti ina neman wanda zai gaya min ko yana numfashi. Yaranmu a nan aka haife su, kamar yadda aka haife ni, amma iƙamarmu, takardar izinin zama a ƙasar, duka a kan tasa take rataye. In ya tafi, ba miji kaɗai muka rasa ba, har ƙasar da muke takawa. Na faɗa masa wannan sau ba adadi. Ya kan ce komai da lokacinsa, ya shafa kan autarmu ya wuce.

Da azumi ya matso na yanke shawara. Na samo lambar masu sayen ƙarfe a kilo, irin waɗanda ke farfasa tsofaffin motoci, na nuna masa a wayata. Na ce in aka ga wata motar nan na ƙasan kicin ɗina, su za su zo, kuma ni zan buɗe musu ƙofa. Ya kalle ni ya ga ba wasa a fuskata. Bai ci abincin kirki ba a daren.

Ba a yi nisa ba sai ga mai saye, kuma tun daga sallamarsa hankalina ya ƙi kwanciya. Ɗan gida ne, Bahaushen Jidda, irin yaran nan da ke jin Hausa sarai amma in za su yi ta sai ta fito rabi da rabi. Na kasa kunne ina jiran wa'azi. An yi, amma gajere. Giya, mai, walda, shi ke nan, ba a ɗage wando ba, ba a ɓalle riga ba. Shi kuma duk aibin da aka faɗa sai ya yi dariya ya ce, "Basiɗa, ya ammi, wannan ƙaramin abu ne." Daga nan na ji an sauke ƙofar ƙarfe rabi, muryoyi suka yi ƙasa. Na kashe famfo, na kashe murhu, na leƙa har ɗankwalina ya kusa faɗawa titi, ban ji komai ba sai dariya jefi-jefi.

Maigida ya hau sama yana murmushi. "Halas, Hajiya. Na sallama. Ranar Asabar za su zo da saɗaha."

Ya zauna ya cinye shinkafar da na zuba, ya nemi ƙari. A nan na tabbata akwai lauje cikin naɗi. Mutumin da ya yi shekaru yana goge abu da tsumma kamar jariri, an raba shi da shi, ba ya neman ƙarin shinkafa. Na tambayi kuɗin, ya faɗi abin da bai kai rabin yadda ya saba cika baki ba, ya ce ai kasuwa ce ta faɗi. Washegari na tarar ya wanke hular kwanonsa ya shanya a baranda. Na ce ba da ita za a haɗa wa mai saye ba? Ya ce ai kan kowa daban. Bayan kwana biyu na ga sabuwar sarƙa mai kauri da kwaɗo a cikin leda bayan ƙofa. Na ce wannan fa? Ya ce ta gareji ce.

Na haɗa lissafina tsaf. Cinikin bogi ne. Abokinsa ne na filin tsere, za a ɗauki motar a gabana a kai ta wani wuri a ɗaure da sarƙa, ranar hutu a ce min akwai aiki a gareji. Har wayarsa na duba yana wanka, ban ɓoye ba, na duba. Ba abin da na samu tsakaninsu sai gaisuwa da insha Allah. Wannan ma ya ƙara min zargi, don mutanen da ba su da abin ɓoyewa sun fi haka surutu.

Ranar Asabar da hantsi saɗaha ta tsaya a ƙofar gida, bayanta wata ƙaramar mota fara. Mai sayen ya fito daga gefen fasinja. Mace ce ke tuƙi, ta zauna a ciki ta bar injin a kunne saboda zafi. Na ce yauwa. Namiji zai iya riƙe sirrin namiji, amma matarsa in ta sani zan gani a idonta. Na zura abaya, na ɗauki ruwan sanyi da kofi, na sauka. Maza na can suna fama da igiyar jan mota, ba wanda ya kula da ni. Na ƙwanƙwasa gilashi na ce ta shigo ciki ta huta, ta ce a'a ba za su daɗe ba, sai na buɗe ƙofa na shiga na zauna kusa da ita ba tare da an gayyace ni ba.

Yarinya ce, ba ta fi ƙanwata ta uku ba. Akwai kujerar jariri a baya, babu jaririn, sai ƙaramin takalmi ɗaya. Muka gaisa, na tambayi gidansu, ashe kakarta da tawa duk ta Sudan suka biyo, har unguwa ɗaya suka taɓa zama kusa da Bab Makka. Na bari ta sha ruwa sannan na fara.

"Mijinki sun daɗe da sanin maigidana?"

"A'a, khala," in ji ta, wato gwaggo. "A waya muka ga talla."

"Ina za ku ajiye ta?"

Ta ciro waya ta nuna min hoton wani ɗaki a ƙasan gidan surukanta, an share, an kwashe kaya. Ba ta yi inda-inda ba, idonta bai kauce ba. Na fara jin kunyar kaina kaɗan. Sai ita kuma ta juyo ta ce, "Khala, ku me ya sa kuke sayarwa?"

Ga motar can ana jan ta sama a hankali, tayoyin gaba sun riga sun hau. Kalma ɗaya daga bakina na iya dawo da ita. Watanni na yi ina zagin faɗin aibi, yau ga shi an zo kaina. Na kalli takalmin nan na baya, na kasa ɓoyewa. Na gaya mata komai, kafaɗa, haƙarƙari, kiran waya, barandar asibiti.

Ta saurara tana gyaɗa kai, ba ta razana ba. "Na sani," ta ce. "Ya faɗa wa mijina. Khala, ni na nemo tallar nan. Ni na matsa masa."

Na ce, "Ke? Da hankalinki?"

"Ba ki san abin da yake hawa yanzu ba. Dabbab ne, babur, irin manyan nan. Bayan sallar asuba yake fita babban titi shi da abokansa, tsakanin tireloli. Bara ya faɗi, fatar bayansa duka ta tafi, wallahi ni na riƙa canja masa bandeji ina da ciki. Abokinsa ɗaya bai tashi ba." Ta nuna motar da haɓa. "Wannan, ya'ani, akwai ƙarfe kewaye da shi, akwai bel. Ba ta hawa titi. Fili kawai, kowa hanya ɗaya yake bi, motar asibiti na tsaye. Mijinki ya faɗi ya tashi. A dabbab ba a tashi."

Ban taɓa jin wani ya yabi motar nan ta wannan fuska ba. Na yi ta juya maganar. Har na fara jin sanyi a raina, ciniki na gaske ne, kuma abin da ya zame min masifa zai zame wa wata sauƙi. Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi da ammi, mijinki, ya yarda da musanya. Mun daɗe muna neman mai karɓa."

"Wace musanya?"

"Shi ya karɓi dabbab, mu mu cika sauran kuɗin. Gobe zai zo ya ɗauka." Ta tsaya, ta dubi fuskata da kyau. "Bai faɗa miki ba?"

Na ga lokacin da ta gane. Na kai hannu zan buɗe ƙofa, ta riƙe min wuyan hannu da hannu biyu, hannunta sanyi ƙalau.

"Khala, don Allah. Allah ya bar miki 'ya'yanki. Ki bari a gama. Mijinki babba ne, yana da hankali, ba zai yi gudu ba. Nawa yaro ne."

Na ce, "Nawa ma yaro ne, 'yata. Furfura ce kawai."

Na zare hannuna. Sai da na yi da ƙarfi.

Motar ta riga ta hau, direban saɗaha na ɗaure tayoyi. Na tsaya a gabansa na ce, "Sauke ta." Ya kalli maigida. Maigida ya taho da sauri yana rage murya, wai Hajiya mutane na kallo. Na ce su kalla, ai titi na kowa ne.

"Na rantse zan sayar, ga shi na sayar," in ji shi. "Me kuma ya rage?"

"Babur ya rage. Sarƙar da ke bayan ƙofa ta rage. Kai mai faɗin aibi, wannan ne ka manta ba ka faɗa ba?"

Mai sayen ya koma gefe yana duba takalminsa. Direban ya ce yalla, a yanke shawara, yana da wani aikin. Maigida ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ɗaga hannu ya yi wa direban alama. Aka kwance tayoyi, motar ta gangaro a hankali, ni da kaina na sa hannu muka tura ta cikin ɗakin ajiya. Na karɓi makullin motar a gaban kowa na jefa a aljihun abayata.

Daga baya ya yi kaffarar rantsuwarsa, ni na dafa abincin da aka rabar. Motar na nan har yanzu. In zai je fili sai ya zo ya tambaye ni makulli, wani lokaci in ba shi, wani lokaci in ce ban san inda na ajiye ba. Maganar babur ba ta sake tasowa a gidana ba.

Amma ranar, kafin su tafi, na juya na kalli farar motar. Mijin ya shiga yana faɗa da hannu. Matar ba ta harare ni ba, da ta harare ni da ya fi min sauƙi. Ta goge fuskarta da gefen mayafi, ta miƙo min kofina ta taga, ta ce na gode khala, ta ja mota. Ban yi nadama ba, ko yau aka sake haka zan yi. Sai dai ban san sunanta ba, ban karɓi lambarta ba, ba ni da wanda zan tambaya. Duk asubar da na ji babur ya tsaga babban titi, sai in dakata da abin da nake yi, in bi ƙarar da kunne har ta ɓace lafiya.